Rigar Malam Hudu Mai Lamba Tara

Na manta abubuwa da yawa na zamana a Riyad, har da lambar ɗakina da sunayen wasu da muka shekara huɗu muna cin abinci a faranti ɗaya. Amma ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a da la'asar ba, ranar da na tsaya a bakin filin ƙwallo a gaban taron jama'a ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. (Ba ta tsage ba. Ciyawar roba ce aka shimfiɗa a kan siminti.)

A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta harshen Larabci. Duk shekara akan shirya gasar ƙwallo tsakanin ɗaliban ƙasashen waje, kowace ƙasa da 'yan wasanta. Ni dai ban taɓa bugawa ba. Tun ina firamare a Funtuwa aka gane cewa ƙafafuna biyu ba sa ga-maciji da juna, in ɗaya ta nufi ƙwallo sai ɗayar ta taɗe ta. Amma abin da Allah ya rage mini a ƙafa ya cika mini shi a baki. Shi ya sa aka laƙaba mini Mai Sharhi, daga baya aka taƙaita ya koma Sharhi, ni kuma ina amsawa da fara'a don a zatona yabo ne.

A shekarar da nake ba ku labari, 'yan wasanmu na Najeriya suka shiga wani hali da ko maƙiyi sai ya tausaya mana. Wasa uku, ba mu zura ko ƙwallo ɗaya ba. Mun yi canjaras da ɗaliban Indonisiya, waɗanda mafi tsayinsu bai kai kafaɗar golanmu ba. Mun sake yin canjaras da Albaniya, waɗanda da kyar suka haɗa mutum goma sha ɗaya, na ƙarshen ma daga laburare aka janyo shi. Sai Mali ta ci mu ɗaya, kuma daga ranar ba mu sake cin abinci cikin kwanciyar hankali ba, don duk ɗan Malin da ya wuce ta teburinmu sai ya dafa kafaɗar ɗayanmu ya yi masa ta'aziyya. Bayanmu lafiya lau, tsakiya ma ba laifi, gaba ce ta mutu murus. Saura wasa ɗaya da Gini, in ba mu ci ba mun fita.

To, sai in gabatar muku da Malam Hudu, wanda ke sanye da lamba tara. Ɗalibin digirin dakta ne, shekarunsa sun haura arba'in, yana zaune da iyalinsa a unguwar Malaz. Babu ɗalibin Najeriya a jami'ar nan da Malam bai yi wa wani abu ba. Shi ne ke tarar sabon zuwa a filin jirgi, shi zai raka ka a yi maka iƙama, wato katin zama, shi zai koya maka nahawu kyauta in jarrabawa ta matso, in ka kwanta asibiti fuskarsa za ka fara gani. An ce da ƙuruciyarsa a Zariya guguwa ne a fili, kuma na yarda, don har lokacin in ƙwallo ta same shi a tsaye yakan taɓa ta da wata irin gwaninta. Matsalar ita ce sai ta same shi a tsaye. Gwiwa ta gaji, tumbi ya fito, gudu ya zama tarihi.

Ni kuma ina da wata buƙata a hannunsa wadda ta fi ƙarfin ƙwallo. Ina neman gurbin digiri na biyu, kuma shugaban sashenmu ba ya duba takardun ɗan Najeriya sai ya ga tazkiyya daga Malam Hudu, wato takardar shaidar halin kirki. In babu ita, da na gama jarrabawa iƙamata ta mutu, sai in tattara in koma gida. Mahaifina kuwa ya riga ya gaya wa duk unguwarmu cewa ɗansa ba zai dawo ba sai da hular dakta. Na roƙi Malam takardar tun farkon wata, ya ce in sha Allahu, kuma saura mako biyu a rufe karɓa.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci mukan tafi unguwar Gubaira, wani ɗan shagon abinci da ake tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Nan ɗalibai ke haɗuwa da 'yan uwanmu ma'aikata, direbobi da masu aikin gini da 'yan kasuwa, waɗanda suka ɗauki ƙungiyar nan tamkar tasu. Malam ba ya zuwa, gida yake wucewa wurin iyali. Juma'ar da ta biyo bayan wasan Mali, ko hannu ba a gama wankewa ba aka fara musu.

Wani direba ya ce kabsa, dafa-dukan Larabawa, ce ta kashe mu. "Mutumin da ke cin shinkafa da rabin kaza rana da dare, da wace ƙafa zai yi gudu?" Wani ya ce ciyawar roba ce, wai ƙafar Bahaushe ba ta san ta ba, a kai mu filin ƙasa a ga aiki. Wani ya ce baki ne ya kama mu tun ranar da muka yi alfahari a gaban 'yan Indonisiya. Kocinmu, Nura, ɗalibin fiƙihu ne da aka ba wa muƙamin don shi kaɗai ke da usur, yana ta zana tsarin wasa a jikin takardar goge hannu, yana cewa 'yan tsakiya ne ba sa hawa da wuri. Lawali kuwa, wani mutumin Maraɗi da ke sauke kayan lambu a kasuwar Aziziya, wanda bai taɓa fashin kallon wasanmu ba, yana gefe yana dariya. "Ku 'yan Najeriya, da baki aka cin ƙwallo da kun ɗauki kofi tun bara."

Kowa a shagon nan ya san ainihin ciwon, kowa kuma yana kewaye shi. Ni da na ci tuwo na ƙoshi, na ga an yi kusan awa ɗaya ba a ji muryata ba, sai na miƙe.

Na jawo kwalbar yaji na ce wannan Bashir ne, wani ɗan shekarar farko mai gudu kamar an koro shi. Na jawo butar shayi na ce wannan Malam ne. Na nuna musu yadda Bashir ke yanke mutum uku, ya shiga cikin sha takwas, ya rage daga shi sai gola, sannan ya ja birki ya fara waige-waige yana neman Malam. Ba shi kaɗai ba, duk yaran haka suke yi. A tsakiyar fili 'yan ƙwallo ne, amma da sun hango raga sai tarbiyya ta motsa, su tuna cewa ƙarami ba ya riga babba sa hannu a akushi. Sai a tura wa Malam, Malam kuma yana can baya yana tahowa, kafin ya iso an kwashe.

"Ladabi ne ke kashe mu!" na ce, ina buga tebur. "Ba kabsa ba ce, ba ciyawa ba ce. A ajiye Malam a benci a ga ko ba za mu ci uku ba. Wallahi da ni ne koci, zuwa zan yi in same shi in faɗa masa ido da ido!"

Shagon ya yi tsit, irin shirun da ake yi in an faɗi abin da kowa ke so a faɗa. Na ji kaina ya yi girma. Sai Lawali ya ajiye kofinsa.

"To mi ya hana ka? Malaz ɗin nisa gare ta?"

Koci Nura ya cafke maganar kamar dama jiranta yake. Ya ce shi ɗalibin Malam ne a nahawu, bakinsa ba zai iya ba, amma tunda Allah ya ba jama'a mutum mai ƙarfin zuciya irina, ai an huta. Kafin in ce uffan an ɗaga hannu an yi addu'a an shafa, na zama wakilin majalisa. Sai a mota, muna hanyar komawa makaranta, na tuna da tazkiyya.

Ranar Talata bayan la'asar na nufi Malaz. Na kwana huɗu ina tsara jawabi, mai gabatarwa da hujjoji da kammalawa, na haddace shi tsaf. Malam ya buɗe mini ƙofa da kansa, yana ɗingishi, ya rungume ni kamar na shekara ban zo ba. Aka kawo gahawa da dabino. Ban gama ba aka miƙo dambu daga ciki, wai uwargida ta ce ɗalibin da ke zaune a makaranta ai ya yi kewar abincin gida. A bayansa farfesu ya biyo. Duk lomar da na kai sai wani sashe na jawabina ya narke. A kan kantar littattafai kuma akwai wani ambulan ruwan ƙasa, idona ya kasa barinsa.

Ina cikin lissafin ta inda zan fara, sai Malam ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wata leda. Ya ajiye ta a tsakaninmu. Rigar nan ce mai lamba tara, an wanke an goge an ninke.

"Ka zo a kan gaɓa, Malam Sharhi," ya ce. "Dama ina neman wanda zan ba wa ya kai wa Nura. Gwiwar nan ta ce ta gaji, kuma ina ji a jikina kamar ni nake tare wa yaran nan hanya. Na ajiye."

Jama'a, ku duba irin gatan da Allah ya yi mini. Ba jawabi, ba ɓacin rai, ba abin da zai taɓa takardata. Abin da ya rage kawai in miƙa hannu biyu in karɓi leda in ce Allah ya saka da alheri.

Amma ni ɗan gidan tarbiyya ne. A inda na tashi, in babba ya ce ya gaji zai sauka, ba a cewa to. Sai an ce haba, shi kuma ya nace, a sake cewa haba, ya sake nacewa, a karo na uku a karɓa da nuna alhini. Ga kuma wani tunani da ya faɗo mini: in na wawuri ledar nan da sauri, ai zai gane abin da ya kawo ni ke nan, ambulan kuwa yana kallona daga kan kanta. Sai na tura ledar gabansa.

"Haba Malam! Allah ya gafarta Malam, in ka tafi wa zai riƙe mana gaba?"

Ya turo ta. "A'a, Bashir ya isa. Ni ko ƙwallo ɗaya ban ci ba bana."

Nan ne ya kamata in yi haba ta biyu gajeriya in yi shiru. Amma an taɓo fagen sharhi, bakina kuma ba shi da birki. Na ce ai cin ƙwallo ba shi ne kaɗai aikin lamba tara ba. Na ce tsayuwarsa kawai a fili tana janye 'yan baya biyu. (Ba ta janye kowa. 'Yan bayan Mali har hira suke yi a gefensa.) Na ce yaran nan in ba su gan shi ba gwiwarsu sanyi take yi. Na kawo maganar gogewa, na kawo ta albarka, na ce rashin sa'a ne kawai kuma ranar Juma'a za ta warware. Na yi minti goma ina zuba, har ni kaina na fara yarda. Sannan na sake tura ledar, na gyara zama ina jiran ya turo ta karo na uku.

Bai turo ba. Ya ɗauke ta ya ɗora a cinya, ya daɗe yana kallonta. Da ya ɗago sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Ashe haka kuke gani? Ni da nake zaton na zame muku kaya."

"Duk majalisa haka ake gani, Malam," na ce, don na riga na yi nisa. "Koci Nura ma haka ya ce. Har Lawali na Aziziya."

Ya raka ni har bakin titi yana sa mini albarka. Ambulan kuwa ko ambatonsa bai yi ba, ni ma kunya ta hana ni tambaya.

Ban kai makaranta ba Nura ya kira ni. "Ya ake ciki? Ka same shi?" Na ce na same shi, mun yi magana sosai. "Ya ya ɗauki abin?" Na ce har ƙwalla ya yi. Ku lura, ban yi ƙarya ko ɗaya ba, kuma da wannan na riƙa lallashin kaina. Kafin gari ya waye labari ya zaga ɗakunan kwana cewa Sharhi ya yi abin da ya gagari maza. Waɗanda ba sa gaishe ni suka fara gaishe ni. Lawali ya aiko mini da rabin kwalin lemo daga Aziziya. Na sha lemon nan, ba zan ɓoye muku ba, yana da zaƙi. Dabarata ɗaya ce tak: wataƙila kafin Juma'a gwiwar Malam ta kumbura ta raba gardama. Ban roƙi hakan a salla ba, amma ban hana zuciyata fata ba.

Juma'a ta zo. Filin ya cika, mutanen Gubaira sun zo mota-mota, har 'yan Mali sun zo kallon jana'izarmu. Nura yana riƙe da takardar sunaye, Bashir a gaba, an samu wani yaro mai sauri an haɗa masa. Ni ina tsaye kusa da shi ina karɓar gaisuwa. Sai muka hango wani yana tahowa daga wurin ajiye motoci cikin ɗan gudu-gudu, da riga mai lamba tara, da sabon bandeji a gwiwa, da sabon takalmi fil.

Nura ya dube ni. Na duƙa ina ɗaure igiyar takalmina, wanda ba shi da igiya.

Al'adarmu ce kafin wasa a yi da'ira a yi addu'a, 'yan wasa da magoya baya gaba ɗaya, Malam ne kuma ke ja. Ranar sai ya ce yana da 'yar magana kafin addu'a.

"'Yan uwa, zan faɗa muku wani abu don a gode wa wanda ya cancanta. Wallahi ranar Talata na riga na ajiye ƙwallo. Na wanke rigar nan na sa a leda don a kawo wa Nura." Ya nuna ni da hannu. "Sai Allah ya turo mini wannan bawan nasa har gida. Sau biyu ina ba shi rigar yana mayar mini. Ya ce in na tafi ba mai riƙe gaba. Ya ce duk majalisa ra'ayinta ke nan. Nura, na gode. Lawali, ina kake? An gaya mini abin da ka ce, Allah ya bar zumunci."

Idanu suka juyo kaina ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kunna fitilu. Nura ya ninke takardarsa a hankali ya sa a aljihu, ya ce, "Ba komai, Malam," da wata murya kamar ta mai ciwon haƙori. Lawali ya ɗaga hannu ya amsa godiyar da bai san hawa ba bai san sauka ba. Aka yi addu'a, kowa ya ce amin, ni ban ma san me aka roƙa ba. Ana watsewa Lawali ya matso kusa da kunnena.

"Sharhi, lemun nan, ka shanye su duka?"

Na ce saura uku.

"Ka aje min su."

Aka fara wasa, aka koma gidan jiya. Minti na ashirin Bashir ya yanke mutum biyu, gola ya fito ya faɗi, raga ta buɗe ba kowa. Ya tsaya. Ya waiga. Ya tura wa Malam, wanda ke tahowa yana jan ƙafa, wani dogon ɗan Gini ya zo a nutse ya ɗauke abarsa. Duk 'yan kallon ba wanda ya yi wa Bashir ihu, ba wanda ya yi wa Malam. Ni suka juyo suka kalla. Haka aka yi ta yi har hutun rabin lokaci, duk ƙwallon da ta lalace sai a waiwayo ni, har na koma bayan wani mai faɗin kafaɗa na rakuɓe.

Da aka fito hutu Malam ya zube a kan ciyawa. Ya kwance bandejin, gwiwar ta yi suntum, fuskarsa ta yi fari-fari, numfashi da kyar. Nura ya ce a hankali ko Malam zai ɗan huta. Ya girgiza kai.

"Amana kuka ba ni. Tunda kun ce in na fita yaran nan za su karaya, ko da rarrafe zan ƙarasa."

Wannan maganar ce ta kashe ni. Har zuwa lokacin kunyar kaina nake ji, amma yanzu sai na ga dattijon da ya tare ni a filin jirgi ina baƙo ban san kowa ba, zai je ya ƙarasa gwiwarsa saboda zaƙin bakina. Na tuna ambulan, na tuna mahaifina da hular dakta. Na dai fito daga bayan mai kafaɗar nan na durƙusa a gabansa.

Jawabin da na haddace ko kalma ɗaya ba ta zo ba. Abin da ya fito shi ne: "Malam, ƙarya na yi. Aiko ni aka yi in ce ka ajiye. Ni ne ma na kawo maganar a Gubaira, har da butar shayi. Da ka ba ni rigar sai na ji kunya, kuma ina tsoron takardata. Ba ka janye kowa, Malam. Yaran nan kunyarka suke ji, ba sa iya bugawa kana fili."

Wani a baya ya ce innalillahi. Malam ya dube ni, ni kuma ina kallon sabon takalminsa. Sannan ya juya ya kira Bashir.

"Kai, ɗazu da raga ta buɗe, me ya sa ka ba ni?"

Bashir ya sunkuyar da kai. "Malam, ina zan buga kana tsaye?"

"Ikon Allah! Ni kuma duk zatona tsoro ne ke kama ka a gaban raga, shi ya sa nake kashe kaina in iso in taimake ka!"

Sai ya fashe da dariya, irin wadda ke girgiza tumbi, har yana riƙe gwiwa. Da aka ga ya yi, kowa ya saki tasa. Ya tuɓe rigar, jiƙe sharkaf da gumi, ya miƙo mini.

"Kai aka aika, kai za ka kai. Ko in miƙo sau uku?"

Na karɓa da hannu biyu. Nura yana tsaye taku uku daga wurin, amma ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba, ga tafi ana yi mini kamar na ci kofi.

Bayan an dawo, ba a yi minti goma ba Bashir ya sake samun kansa shi da gola. Kuma wallahi sai da ya waiga, wannan karon wajen benci. Malam ya miƙe da ƙafa ɗaya ya daka masa tsawa: "Buga mana, Allah ya shirye ka!" Ya buga. Ƙwallonmu ta farko a gasar ke nan, ita ce kuma ta tsallakar da mu daga rukuni. Mutanen Gubaira suka ɓarke cikin fili, alƙalin wasa yana ta yalla yalla, wato a yi maza a fita, ba mai jin sa. (Senegal ta kore mu a zagaye na gaba, amma wannan ba laifina ba ne, na bincika.)

Ni dai ban yi murna sosai ba. A raina na riga na fara ɗaure kaya, ina tsara yadda zan yi wa mahaifina bayani. Da aka kira magariba na zaɓi famfon da ya fi nisa don yin alwala, sai ga Malam ya ɗingiso ya zauna a na kusa da ni. Ya buɗe jakarsa ya ciro ambulan ɗin nan ruwan ƙasa.

"Tun ranar Talata yake jiranka a kan kanta. Ka cika ni da yabo har na manta in ba ka."

Na goge hannu na buɗe. Kwanan watan da ke jiki na Asabar ne, kwana uku kafin in je gidansa in yi ta zuba. Ashe duk abin nan da na yi, takardar tana rubuce da sa hannu. Na karanta har na iso wani layi da ya tsayar da ni. Da Larabci yake, ma'anarsa ita ce: na san shi da faɗin gaskiya, ba ya jin tsoron kowa a kanta.

Malam yana kallona ina karantawa. Ya sa yatsa a kan layin.

"Wannan, da na rubuta shi, labarinka na ji a bakin mutane. Ɗazu da la'asar ƙarya ne. Yanzu ya zama rabin gaskiya. Sauran rabin kai za ka cika, ni dai na riga na sa hannu."

Na samu gurbin. Lawali ya karɓi lemonsa uku, bai yafe ko ɗaya ba. Kwafin takardar nan yana cikin akwatina har yau, kuma duk ranar da na ji bakina yana ƙaiƙayin faɗin abin da zan yi da ni ne wane, sai in tuna akwai layin da ban gama cikawa ba. Abu ɗaya dai na koya sarai: in babba ya miƙo mini abu ya ce ya gaji, tun a karo na farko nake sa hannu biyu in karɓa, in ya so in yi haba ɗin bayan leda ta shiga jakata.